Littafin Lekol a Akwatin Yaya

Na karanta tarihin dauloli gwargwadon abin da idona ya ba ni dama, yadda suka tashi da yadda suka kife, kuma na daɗe da gane cewa masana sun ɓata wa kansu lokaci wajen ɗora laifi a kan yaƙi da fari da annoba. Al'umma tana tsira daga waɗannan duka. Mu nan Damagaram mun tsira daga kowannensu, ba sau ɗaya ba. Abin da ba a tsira daga gare shi shi ne ɗan makullin nan da bai kai ƙaramin yatsa tsawo ba, wanda tsohuwa ke ƙullewa a bakin zanenta. Da sani nake faɗa, domin na zauna gida ɗaya da makullin, da zanen, da tsohuwar.

Tsohuwar yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Ita ta goya ni, kuma ba ta taɓa bari na manta ba. Da mijinta ya rasu ta dawo gidanmu na gado a cikin Birni, ta karɓi ɗakin da ya fi kowanne sanyi, ta karɓi madafa, sauran mulkin ya biyo da kansa. Ni kuwa, da na ajiye alli bayan na ƙarar da ƙarfina ina koyar da ƴaƴan mutane a lekol, mai ɗakina kuma ta riga mu gidan gaskiya, sai aka bar mini zaure da tabarma da rediyo. A waje Mushe ake ce mini, da girmamawa, kamar yadda ake ce wa kowane malamin boko. Ita ma Mushe take ce mini, amma in ya fito daga bakinta ba ka jin girman.

Babban ɗanta manomi ne a Garagumsa. Shi ya kawo mana ƴarsa a shekarar da za ta yi ajin ƙarshe, wanda daga shi sai jarrabawar shiga kolej. Lekol ɗin ƙauyensu rumfar kara ce: ba a shiga sai an yi girbi an samu karan, ruwan farko kuma shi ke ba da hutu. Ya zauna a zaurena, ya cire hula ya ɗora a gwiwa, ya yi magana ba kwana-kwana.

"Kawu, wannan shekarar na ba ta. In ta ci, ta zauna wurinku ta yi kolej ɗin. In ba ta ci ba, uwarta na neman mai kama mata, gyaɗa ba ta ɓare kanta."

Ban ga laifinsa ba a lokacin, yanzu ma ban gani ba. Mutumin da ya faɗa maka sharaɗinsa a fili ya yi maka rabin alheri. Ƙiyayyata tana da masu ita, kuma ba shi a ciki.

Da ya tafi na gwada yarinyar. Kanta ja ne, wannan ba shakka, ka faɗi abu sau ɗaya ta riƙe. Amma karatunta na Faransanci kamar mai tafiya ba takalmi a gonar ƙarangiya: taku ɗaya, a tsaya, a duƙa, a cire, a sake taku. Kafin ta kai ƙarshen jimla ta manta farkonta. Na san wannan ciwon, na kuma san maganinsa, don ba shi da wani sirri. Yaro ya buɗe littafi a gida kullum, ko da na tsawon dahuwar shayi ne, ya karanta da murya, gobe ya sake. A aji ba za a yi masa wannan ba. Ajin da yara suka cika har bakin ƙofa, kafin layin karatu ya zagayo kan yaro ɗaya wata ya kusa mutuwa. A gida ne kalma take zama ƴar unguwa: ka gan ta jiya, ka gan ta yau, jibi kun saba har ba sai ka tambaye ta sunanta ba. A shekarun da na yi a gaban allo, ba na bukatar a gaya mini wane yaro ne ke buɗe littafi a gida. A dikte nake gane shi, lokacin da nake faɗa suna rubutawa: sauran suna kallon bakina, shi yana kallon takardarsa.

Sai ga shi a shekarar nan, kamar an san halin da muke ciki, wasu masu taimako daga waje suka kawo wa lekol ɗin unguwarmu littattafan karatu, kowane ɗan ajin ƙarshe da nasa, ya tafi da shi gida. Ban taɓa ganin haka ba a duk zamanin aikina. Aka kira iyaye. Ranar gwiwata ta kumbura, Yaya ta tafi a madadin gidan. Da na san abin da zai biyo baya da na je ko da rarrafe.

Daga baya na tattara abin da darakta, shugaban lekol ɗin, ya faɗa a wurin daga bakuna da yawa. Ya ce littafin amana ne. Ya ce kayan gwamnati ne. Ya ce ƙarshen shekara za a dawo da shi yadda aka ba da shi, domin ƙannen yaran na jira. Ya maimaita wannan har mata suka fara gyaɗa kai. Batun a karanta kullum shi ma ya faɗa, a yi masa adalci, amma a ƙarshe, lokacin da kowa ya miƙe yana neman takalminsa.

Yaya ta shigo zaure da abu a naɗe cikin mayafi, ta rungume shi a ƙirji, yarinyar na biye da ita hannu wofi. Kusurwar bangon kawai na hanga, shuɗi. Ta wuce ɗaki. Na ji ƙarar akwatinta na ƙarfe, wanda aka kai ta gidan miji da shi. Nan littafin ya sauka, tsakanin zannuwan da rabonta da ɗaura su tun mijinta na da rai da farin yadin da ta tanada don ranar tafiyarta. Sannan na ji makulli.

Na bari ta sha ruwa, na ɗingisa zuwa ƙofar ɗakinta.

"Yaya, littafin fa?"

"Yana nan lafiya."

"Ba lafiyarsa na zo tambaya ba. Na yarinyar ne, karantawa za ta yi."

"Da waɗannan hannuwan? Zo nan, ke. Nuna wa kakanki hannunki. Ka gani? Ƙuli-ƙuli da mai."

"Ai akwai sabulu a gidan."

"Kai ka ji abin da darakta ya ce? Ba ka ji ba, kana nan kana lallashin gwiwa. Amana ya ce. Ni tun da nake ba a taɓa ba ni ajiya na mayar da ita da tabo ba. Tukunyar biki ma in na ara, sai ta koma ta fi yadda ta zo haske."

"Littafi ba tukunya ba ne, Yaya."

"Ka faɗi gaskiya, Mushe. Tukunya ta fi shi ƙwari. Shi ya sa na kulle shi."

Na ɗauka cutar a gidanmu kaɗai take. Da gwiwa ta saki na zaga lungunan unguwa ina gaisuwa, ina jefa tambaya. A wani gida littafin yana cikin jere, an jingina shi tsakanin manyan kwalla masu fure, baƙi na shigowa suna yabawa. A wani gidan an sa shi a leda an rataye a azara, saboda awaki. Wani tela ya danne na ɗansa a ƙarƙashin katifa, yana kwana a kai, wai kar bangon ya lanƙwashe. A bakin famfo mata suna tambayar juna, "Naku yana nan?" a amsa da alfahari, "Ko buɗe shi ba a yi ba." Unguwa guda, littafi a kowane gida, karo na farko tun da aka gina ganuwa, kuma kowane gida ya tashi tsaye ya kare shi daga yaron da aka kawo shi dominsa.

Na yi tunanin abin, na gano asalinsa. Mu jikokin fatake ne. Kakanninmu sun san daraja ɗaya ga kaya: wanda ba a kwance ba ya fi wanda aka kwance. Turmin atamfa in aka yanka ya zama zane, zane in aka ɗaura ya zama kwance. Da wannan idon muka dubi littafi. Ba jahilci ba ne, da jahilci ne da na ji tausayi. Hikima ce da ta shiga gidan da ba nata ba, kuma irinta ta fi jahilci taurin kai.

Na tafi wurin darakta. Ɗalibina ne, ni na koya masa riƙe alƙalami, kuma na tuna sai da muka sha fama. Ya miƙe tsaye, ya ba ni kujerarsa, ya aika a kawo ruwan sanyi. Na ce ya aika wa iyaye kalma ɗaya: a buɗe.

"Ai na faɗa, Mushe. A karanta kullum."

"Ka kuma ce a dawo da shi sabo."

"Shi ma na faɗa."

"To wanne za a yi? Yaro ba ya cin tuwo ya bar malmalar yadda take."

Ya shafa ƙeya, ya dubi ƙofa, ya rage murya. "Mushe, in littattafan nan suka dawo a yage, ni za a tambaya."

"In yaran suka faɗi fa?"

"Wannan an saba."

Na sha ruwansa, don ruwan ba shi da laifi, na fito.

Mai karatu zai ce, to kai Mushe ba ka da littattafai ne? Ina da su. Amma na manya ne, rubutu ƙanana kamar ƙwayar gero, Faransancin ciki kuma ko ni sai na gyara zama. Ba wa mai koyon tafiya irinsu kamar ka ba jariri ƙashin raƙumi ne. A kasuwa na duba, abin da na samu ko na masu fara haɗa baƙi ne, wanda ta wuce, ko na manyan ɗalibai, wanda ba ta kai ba. Muka koma karanta abin da gari ya bayar: gwangwanin tumatir, takardar cikin kwalin magani, allunan shaguna a hanyar kasuwa. Ba a jima ba ta iya karanta cewa ana gyaran babur, kuma kar mai ciki ta sha ba da izinin likita ba. Ilimi ne, amma ba a jarrabawa a kansa.

Na yi ta naci har Yaya ta yi rangwame: ranar Juma'a, bayan an sauko, za a fito da littafin. Ita za ta riƙe. Ta zauna a kan kujerarta ƴar tsugune, ta buɗe shi nesa da yarinyar kamar mai nuna wa maƙwabta jariri a zamanin ƙyanda. Yaya ba ta san baƙin boko ko ɗaya ba, saboda haka ita ke yanke lokacin da shafi ya ishi mai kallo. Yarinyar na tsakiyar layi na uku sai a juya.

"Kaka, ban gama ba."

"Kin gani ai. Cinye shi za ki yi da ido?"

Ina zaune ina kallo, ni da na hukunta yara don sun tsallake waƙafi.

Mafita ta zo mini daga igiyar shanya. Wata safiya na ga Yaya ta fito da tsofaffin zannuwanta daga akwati ta baza, ba wanki, ba biki. Na tambaya. Ta dube ni yadda take duban duk namijin da ya yi tambaya a tsakar gida.

"Duk karatun naka ba ka san zane na shan iska ba? In ya daɗe a ninke, ninkin ke cinye shi. Ga kuma ƙwari."

Na koma zaure na tono wani tsohon littafina da gara ta yi wa aiki tun ina koyarwa a Takieta. Bangon yana nan, cikin kuwa ya zama kamar rariya. Na kai na ajiye a kan tabarmarta. Ta ɗaga, gari ya zubo mata a cinya.

"Subhanallahi. Me ya ci wannan?"

"Ajiya."

"Kamar ya ajiya?"

"Kulle shi na yi, Yaya, irin na masu amana. Takarda ta fi zane son iska. Kuma ba bango kaɗai ba, kowane shafi sai ya sha tasa. In ba haka ba, ranar da za a mayar wa gwamnati kayanta, abin da za a kai ke nan."

Ta daɗe tana kallon garin takardar. Ban taɓa ganin tsoron Allah da tsoron gwamnati sun haɗu a fuska ɗaya haka ba.

Daga ranar aka kafa shanyar littafi a gidanmu. Bayan la'asar, a inuwar bishiyar dogon yaron tsakar gida, za a shimfiɗa tsumma mai tsabta a kan faranti, a ɗora shi. Yarinyar za ta wanke hannu har gwiwar hannu kamar mai alwala, Yaya ta shinshina ta amince. Ba a yarda yatsa ya bi layi ba, an ba ta tsinken tsintsiya. Tunda kowane shafi sai ya ɗan jima a buɗe kafin iska ta ratsa shi, na ce ba laifi in ta riƙa dubawa. Kuma gara ta riƙa faɗin abin da ta gani da ƙarfi, don a tabbata ba gyangyaɗi take a kan kayan gwamnati ba. Yaya ta ce wannan magana ce ta hankali, kuma ta yi mamakin jin ta daga bakina.

Ba zan yi ƙarya in ce abin ya zo da sauri ba. Makonnin farko ƙarangiyar tana nan, taku ɗaya, tsayawa ɗaya. Ina gyara mata, tana cije leɓe, tana sakewa. Sannu a hankali ƙananan kalmomi suka daina tare mata hanya. Sai jimla ta fara fita da numfashi ɗaya. Sai muryar ta fara hawa da sauka a inda ya kamata, ta daina wannan rerawar ta masu hadda. Wata rana na lura tsinken yana ƙasa, akuya na taunarsa, ba ta ma sani ba. Amma ranar da na tabbata an haye, ranar da ta yi dariya ce. Tana cikin karatu ta tsaya, ta tuntsire ita kaɗai, ban fassara mata komai ba. Duk malamin da ya san aikinsa ya san wannan dariyar. Ba a koyar da ita, ba a kuma yin ta da gangan.

"Ke, wa kike wa dariya? Ni?" in ji Yaya.

"A'a, Kaka. Wani mutum ne a ciki, ya ba maƙwabcinsa aron jaki, maƙwabcin ya dawo masa da igiya kawai."

"Da shaida ya ba shi?"

"Ba a faɗa ba."

"To wawa ne. Sai aka yi yaya?"

"Yana shafi na gaba, Kaka. Shi bai kai ga shan iska ba."

"Juya. Wannan ya sha ya ƙoshi."

Washegari tun ba a sallame la'asar a masallaci ba na ji ta tana cewa, "Yau ba za a yi shanya ba ne?" Kar wanda ya ɗauka ta shiryu. Na san yayata. Gulma take so, ko ta mutanen cikin takarda ce. Ta yanke wa mai jaki hukunci, ta tsine wa wani direba a babi na gaba, ta kuma ƙi yarda sam da darasin da ya ce akwai ruwan da ba a hango ƙarshensa, ta ce wanda ya rubuta bai taɓa bin layin famfo a Damagaram ba.

Littafi kuwa ya yi abin da littafi ke yi in ana karanta shi. Gefen shafuka ya yi duhu. Kusurwoyi suka naɗe. Da zafi ya shigo, gam ɗin baya ya bushe ya tsage, wata la'asar shafi ɗaya ya zare ya faɗo a cinyar yarinyar. Yaya ta ɗauke shi da hannu biyu tana salati kamar haƙorinta ne ya fita.

"Ka cuce ni, Mushe. Ka ce iska magani ce."

"Tsufa ne, Yaya. Kowa na yi."

Ta tattara littafin ta shige. Washegari da safe na ga ta yafa mayafi ta fita, abin da ba ta yi sai biki ko rasuwa ko kiran lekol. Yarinyar ta ce wurin badukun lungunmu ta nufa, a yi wa littafi riga. Har na ji daɗi. Na ce yau dai hikimar fatake ta yi rana, dukawan Birni kuwa ba wanda ya kai su ɗinkin fata.

Ya dawo cikin jar fata mai sheƙi, an yi mata zane-zane a gefe, aiki mai kyau ƙwarai. Yaya ta miƙa wa yarinyar da kanta, abin da ba ta taɓa yi ba, ta ce yanzu ko da mai a hannu ta riƙe. Yarinyar ta juya shi, ta sake juyawa, tana neman bakinsa. Ba baki. An ɗinke shi ta kowane gefe, ɗinki ƙanana a jere, kamar laya.

"Ni na ce ya rufe ko'ina," in ji Yaya. "Tunda iskar ce ta yi ɓarna, to kar ta sake shiga."

Jarrabawa ta matso a lokacin, har an fara maganarta a rediyo. Yarinyar ba ta yi kuka ba. Ta ajiye shi a kan faranti a hankali, ta je ta zauna kusa da randa ta juya mana baya. Na san abin da take gani: tulin gyaɗa a tsakar gidan Garagumsa.

Tun da na yi wayo ban taɓa ƙetare maganar Yaya a gabanta ba. Na kan zagaya, kamar yadda aka gani. Ranar na shiga zaure na ɗauko rezar askina, na dawo, na zauna a kan turmi na ɗora layar a gwiwa.

"Mushe, in ka yanka zaren nan, nonon da muka sha ka yanka."

"Zare ne, Yaya. Na baduku."

"Ni na goya ka!"

"Na sani. Kin kuma sauke ni da na isa tafiya, ba ki ɗinke ni a zanen ba."

Na bi ɗinkin na tsinke gefe uku, na bar na baya, don shi kam ya yi amfani. Littafin ya buɗe yana ƙamshin fata da turaren akwati. Na kira yarinyar na ce mu tafi zaure.

Yaya ta daina yi mini magana. Saƙo sai ta bakin jika: "Gaya wa kakanki tuwonsa na nan, in ba shi ma zai farke ba." Miya ta koma ko gishiri ya yi yawa ko babu sam, kuma na san ba mantuwa ba ce, matar da ta yi girkin bukukuwan unguwa guda ba ta mantuwar gishiri. A bakin famfo aka ji cewa boko ya taɓa mini kai. Na ci miyar, na bar su da famfonsu. Littafin ya kwana a zaure daga ranar. Yarinyar ta karanta shi safe da yamma, da yatsa, da mai, a kwance, a zaune. Ta kai ƙarshe ta dawo farko. Ina yi mata dikte daga ciki, kurakuran da a da suke cika takarda kamar kashin ƙuda suka ragu har sai na nema. Na sa ta rubuta mini yadda ake cirar gyaɗa a gonar ubanta. Na karanta sau biyu ina neman inda zan sa jan alƙalami, don kar ta ɗauka na tsufa.

Kafin jarrabawa aka kira iyaye a mayar da amana. Wannan karon na je, Yaya ma ta je, tana gaba ina baya, kamar ba gida ɗaya muka fito ba. Darakta ya sa tebur a inuwa, ana ajiyewa ɗaya bayan ɗaya. Suka jeru shuɗɗa fes, wasu shafukansu ma a manne yadda suka fito daga inji. Yana ɗagawa yana yabo, mata na guɗa. Telan nan mai katifa har tafi aka yi masa, ya ɗaga hannu kamar wanda ya dawo daga Makka. Ɗansa na tsaye a gefe, yaron da na san ko sunan shagon ubansa ba ya iya karantawa.

Aka zo kan namu. Baƙi, kumburarre, jar fata na reto, zare na lilo. Darakta ya ɗaga shi da yatsu biyu. Ya buɗe baki, idonsa ya faɗa cikin nawa, ya tuna wanda ya koya masa riƙe alƙalami.

"Wannan dai ya sha wahala," ya ce, ya tura shi ƙarshen tebur.

Wata mata ta yi tsaki a bayanmu. Yaya ta ja mayafi ta rufe fuska. A hanyar gida ta yi mini magana, karo na farko tun ranar reza.

"Ka ji daɗi? A gaban duk unguwa. Ni, da girmana."

"A duk teburin nan, Yaya, shi kaɗai aka karanta."

"To sai ka jira a ba ka lambar yabo."

Na ce zan jira.

Ranar da sakamako ya fito uban ya zo daga Garagumsa a motar kasuwa. Muka tafi lekol mu huɗu. Tun kafin a fara kiran waɗanda suka ci, darakta ya hango ni, ya ratso mutane ya kama hannuna da hannu biyu. Ya ce a dikte ba wanda ya kamo ƙafar yarinyar a duk ajin, a rubutu ma haka, kuma ƴaƴan masu littafi fes ɗin nan yawancinsu nan suka zube. Da ƙarfi ya faɗa, mata suka ji, telan ya ji. Na gyara hula. Na juya wajen Yaya a hankali, ina zaɓen wadda zan fara da ita cikin maganganun da na daɗe ina wasawa a zaure. Darakta bai saki hannuna ba, ashe bai gama ba.

A lissafi ta faɗi. Washegari ubanta ya tafi da ita Garagumsa, an yi ruwan shuka.